Wurin Zama: Abin da Ƙasar Gezawa Ta Sani Muka Manta

A 'yan shekarun nan, duk majalisar da magidanta suka haɗu a Kano, bayan la'asar ne ko a wurin ɗaurin aure, da wuya a tashi ba a taɓo zancen wurin zama ba. Wannan mai gidansu ya ƙara kuɗin haya, kuma na shekara guda yake so a dunƙule. Wancan an ba shi wata uku ya kwashe kayansa saboda ɗan mai gida zai yi aure. Wani kuwa ba haya ce ta dame shi ba, yaran da ke tare bakin lungu da magariba suna ƙwacen waya su ne suka hana shi barci. Can sai ka ji wani ya ce, "Ku fita bayan gari mana. Ku bi titin Haɗeja, wajen Jogana ko Gezawa, har yanzu fili da sauƙi." Daga nan sai a shiga lissafin fuloti, nawa ne a nan, nawa ne a can.

Idan na ji an ambaci ƙasarmu a irin wannan zance, raina yakan rabu biyu. Ina murna da baƙi, domin garin da ba ya karɓar baƙo ba ya girma, kuma Gezawa ba ta taɓa rufe ƙofarta ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar, sai ka ce wani fili ne fetal da ke kwance yana jiran birni ya iso ya ba shi daraja. Alhali daga Jogana zuwa Tsamiya Babba, daga Babawa da Wangara har Ketawa da Tumbau, babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi tun kaka da kakanni. Ƙidayar 2006 ta samu mutum fiye da dubu 280 a wannan ƙaramar hukuma mai faɗin murabba'in kilomita 340, wato sama da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita. A wasu ƙasashen, wannan cunkoson gari ne sosai. Mu kuwa muna zaune haka a tsakiyar gero da dawa, kowa yana ci daga gonarsa, kuma mun daɗe a haka.

Waɗanda suka yi wayo kafin motoci su cika kwalta za su tuna ayarin jakuna. Da rani, tun kafin assalatu, mutanen garuruwan da suka fi kusa da birni sun ɗaura wa jakunansu itace da kara da hatsi sun kama hanya. Hantsi na yi sun sayar. Ba sa dawowa hannu rabbana: mangala biyu a bayan kowane jaki cike da toka da shara da kashin dabbobin birni. Abin da mutumin Kano ya share ya zubar, shi manomi ke zuwa ya kwashe, wani lokaci har da biyan kuɗi. Mu na can ciki, da tafiyar ta yi mana nisa, turkenmu shi ne birninmu. Damina na sauka ake ɗaure awaki da tumaki, ba mai sakin ko ɗan akuya, yara su yi ta yankan ciyawa safe da yamma suna kawowa. Takin da ya taru a turke, da rani a kai shi gona a zuba tsibi-tsibi, magidanci yana bi yana ƙirgawa, ya san ɓangaren da ya gaji bara, can zai fi zuba wa. Ruwan farko a shuka gero, a biyo da dawa, daga baya a tsarma wake da gyaɗa a tsakanin kunya. Da kaka harawa ta hau kan rufin ɗaki ko ta shiga tsakanin rassan bishiya inda baki ba zai kai ba. Dabba ta ci harawa ta ba da taki, taki ya ba da hatsi. Gonar da kakanka ya nome ba hutu, ita ubanka ya nome ba hutu, kuma ba ta mutu ba.

Wannan abin da muke ɗauka ba a bakin komai ba, masana sun zo daga nesa don su gane sirrinsa. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, tun cikin shekarun 1960 ya fara auna gonaki da ƙirga mutane a karkarar da ke kewaye da Kano. A lokacin, yawancin masu ilimin boko sun yarda cewa idan mutane suka yi yawa a busasshiyar ƙasa, to ƙarshenta ƙwazari da hamada. Shi da abokan aikinsa suka tarar da akasin haka a nan. Inda mutane suka fi yawa, nan aka fi tattalin ƙasa, kuma bishiyoyin gona ba su ƙare ba duk da itacen da birni ke ci kullum, saboda manomi sassabe reshe yake yi, ba ya kayar da uwa. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita, har da ƙurar hunturu da ke sauka a kan ƙasa tana ƙara mata ƙarfi. Sunan Tumbau ya shiga littattafan da ake karantawa a jami'o'in duniya. A yau yara nawa ne a makarantunmu suka san haka?

Mai karatu zai ce, me ya haɗa taki da neman wurin zama mai sauƙi? Ai nan ne gindin maganar. Sauƙin zama a ƙasarmu bai taɓa zuwa daga arhar fili ba. Gona a nan ko a da can tsada gare ta, ana saye, ana jingina, ana aro, ana kuma shari'a a kanta. Sauƙin ya zo ne daga yadda aka tsara rayuwa. Abinci yana rumbu a bayan ɗaki. Miya tana kan bishiya: kuka, da kalwar ɗorawa da mata ke dafawa su yi daddawa, da tsamiyar kunu. Rijiya tana ƙofar gida, guga na kowa ne. Idan saurayi zai yi aure, ba ya neman dillali. Uba ya nuna masa gefen gida, a haƙo ƙasa a kwaɓa, a buga tubali, abokai su taru ranar ɗora jinka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Kafin damina a sake taruwa a yi yaɓe. Kuɗin da ke fita daga aljihu kaɗan ne, gumin da ke fita daga jiki shi ne mai yawa, kuma gumin nan rance ne, gobe kai ma za a kira ka.

Ba na cewa aljanna muka baro. Mun ga farin 1973, lokacin da rumbuna suka zama kango tun kafin bazara. Mun ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, ta bar magidanta ba abin biyan haraji, bayan shekarun da jirgin Nguru ke tsayawa a tashar Jogana ƙasa tana cike da hada-hada. Mun ga kurkunu ya kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar noma, ƙyanda ta shiga gida ta ɗauki yara, mace ta kwana biyu tana naƙuda ba motar da za ta kai ta asibiti. Da kaka ta wuce, rabin samari sun tafi cin rani saboda gonar ba ta isa. Wanda ya ce a koma wannan, bai ɗanɗana shi ba. Abin da nake cewa shi ne, a cikin wannan ƙuncin iyayenmu sun iya wani abu da mu masu kwalta da waya muke nema ido rufe.

Ɗauki maganar aminci. Gidajenmu danga ce ta kara ko katangar ƙasa da yaro zai iya haurawa, ƙofar zaure kuwa sau da yawa asabari ne. Duk da haka mutum yakan bar damin gero a gona ya kwana. Abin da ke tsaronmu shi ne kowa sananne ne. Baƙo idan ya zo da niyyar zama, ba ya fara da tambayar farashi. Wurin mai unguwa ake kai shi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, mai unguwa ya ce, "Malam, daga ina? Wace sana'a? Wa ka sani a nan?" A ba shi masauki a zauren wani, a ara masa 'yar gona, a ga kamun ludayinsa damina ɗaya ko biyu. Ana ganinsa a masallaci? Yana zuwa jana'iza? Idan akuyarsa ta yi ɓarna yana ba da haƙuri? Sai an gamsu sannan maganar fili ta taso, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Shi ma baƙon a wannan zaman yana auna mu. Kafin ya kafa tubali ɗaya ya san wanda zai ji kukan iyalinsa idan ba ya nan. Shi ya sa tsofaffi ke cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida.

Ko birnin ma da haka aka gina shi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara wajen shekara ɗari tara da suka wuce, wadda sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. An bar gonaki da kududdufai da filin kiwo a cikinta, don ko an rufe ƙofofi mutane su ci su sha. Magabata ba su ɗauki fili mara gini a matsayin asara ba. Yau kududdufin da ke shanye ruwan unguwa shi ake fara cikewa a yanka, sannan a watan Agusta a yi ta salati ruwa ya shiga ɗaki.

Sauyin ya zo a hankali, sannan ya zo da gudu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, takardar gwamnati ta zo ta zauna a kan shaidar dagaci. Masana'antu suka miƙe a titin Haɗeja, daga Bompai har Tokarawa, ma'aikata suna neman ɗaki kusa. Birni ya cika ya tumbatsa zuwa Ungogo da Kumbotso da Nassarawa. Daga baya rikicin arewa maso gabas ya koro jama'a, na Zamfara da Katsina ya ƙaro wasu, kowa yana neman inda zai kwanta da ido biyu a rufe. Gwamnati ta gina rukunin gidaje, irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma mai ƙaramin albashi da ɗan kasuwar tebur ba su kai can ba. Abin da ya rage musu shi ne awon igiya.

Duk mun san yadda ake yi. Dillali ya sayi gona ko ya shiga tsakani, a zo da igiya da turaku a yanka ta gida-gida, a bar siririn lungu a ce hanya ce. Ranar Lahadi ya ɗauko mai saye a bayan babur. Kara na tsaye a gonar, kunyoyin bara ba su baje ba. Ya nuna da hannu ya ce, "Alhaji, wuri ne mai tasowa. Nan masallaci zai zo, can kuma an ce kwalta za ta biyo. Jiya wani ya taya, na ce na riga na yi maka alkawari." Mai saye ya dubi sarari, ya shaƙi iskar da rabonsa da irinta tun yana yaro, ya tuna mai gidan hayarsa, ya ce, "Allah ya sa albarka." A rubuta takarda a gaban shaidu biyu, dillali ya karɓi la'adarsa.

Ba na zargin mai sayen nan ko kaɗan. Mutum ne mai son rufin asiri, kuma duk wanda ya taɓa kwashe kayan matarsa a kura saboda wa'adin mai gida ya san zafin abin. Sai dai arha ba ta ado, kuma kuɗin fili ba shi ne kuɗin zama ba. Daga Gezawa zuwa tsakiyar Kano wajen kilomita 30 ne. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya ta wuce dubu. Wanda aikinsa ke Kantin Kwari ko Sabon Gari, abin da ya tsira da shi daga hannun mai gida sai ya riƙa miƙa wa mai mota da ɗan Adaidaita Sahu safe da yamma. Idan babu rijiya mai ruwa, mai kura zai riƙa kawo jarka kullum. Idan makarantar kirki tana nesa, wannan ma kuɗin mota ne. Ga maganar takarda: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ko magajin da ba a shawarta ba ya taso bayan an kai linta, ko a wayi gari hukumar tsara birni ta KNUPDA ta shafa jan fenti a bango saboda ginin ya hau hanya. Mafi nauyi kuma, sabuwar unguwar ba ta da zauren da ake kai baƙo. Kowa ya zo daga wani wuri, ya ja doguwar katanga ya dasa mata fasassun kwalabe. Kangwaye da ba a gama ba suna tsakanin gidaje, ba wanda ya san mai kwana a ciki.

Mu masu sayarwa ma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna. Gonar da ta ciyar da gida guda, an raba ta gado sau biyu ko uku, kason kowa bai fi a shanya barkono ba. Idan aka ajiye wa mutum kuɗin da bai taɓa riƙewa ba a kan wannan 'yar tsirit, wa zai ga laifinsa? Wasu sun yi dabara, sun sayi gona mafi girma a can gaba, ko sun kafa sana'a. Wasu kuwa kuɗin ya narke cikin shekara biyu, suka koma leburanci a ginin da ke tsaye inda suke shuka gero. Tun da ƙasa ta zama kuɗi, zumunci ya fara tsagewa ta wurin rabon gado. Ba za mu manta da asubahin watan Mayun 2024 ba, lokacin da aka cinna wa masallaci wuta a Larabar Abasawa mutane suna cikin salla, rayuka da dama suka salwanta, kuma abin da aka bayyana a matsayin dalili shi ne rikicin gado. Allah ya ji ƙansu da rahama. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka aminci yana cikin iskar ƙauye. Dattawan da ke zaunar da 'yan uwa su raba gado da adalci tun kafin zuciya ta ƙulle, aikin tsaro suke yi, ko da ba su riƙe sanda ba.

Kowace shekara sashen bincike na kamfanin mujallar Economist yana fitar da jerin biranen da suka fi daɗin zama a duniya, yana duba zaman lafiya da asibiti da makaranta da muhalli da hanyoyi. Biyena, babban birnin Ostiriya, ita ta zo ta ɗaya a 2022 da 2023 da 2024, Legas kuwa takan faɗo can kusa da ƙarshe. Matasanmu suna ganin irin wannan a waya suna cewa garin daɗi na nesa. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, tun cikin shekarun 1920 hukumar birnin Biyena ta fara gina wa ma'aikata gidajen haya masu sauƙi, da fili da bishiyoyi a tsakaninsu, har yau kusan rabin mutanen garin a irin waɗannan gidaje ko na ƙungiyoyin da hukuma ke tallafa wa suke zaune. Shekara ɗari suna tattali. Iyayenmu da mangalarsu za su gane wannan aikin da sun gan shi.

Akwai kuma inuwa, wadda ba ta shiga takardar ciniki. A gonakinmu gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi lullumi dabbobi su kwanta a ƙarƙashinsa. Ɗorawa da kanya da tsamiya kowace da mai ita, har a rabon gado ana ambatonsu. Yanzu abin da ake fara yi idan an yanka fili shi ne a kira mai zarto. Bishiyar da ta shekara saba'in ta faɗi kafin azahar, a sayar wa mai gidan burodi. Sannan a yi ɗakin bulo a rufa kwano, watan Afrilu ya zo da zafin da ke haura digiri 40, ga ba wuta, mai gida ya fito waje da tabarma yana neman inda zai fake. Iskar da ya shaƙa ranar da dillali ya kawo shi, daga waɗannan bishiyoyin take.

Don haka idan ɗa ko ƙane ya zo mini da maganar sayen fili a wajenmu, nakan ce masa marhabin, amma gani ya kori ji. Ka je wurin a watan Agusta bayan an kwana ana ruwa, ka ga inda yake kwanciya. Ka koma bayan isha'i ka ji motsin unguwar. Ka leƙa rijiyar da ta fi kusa a ƙarshen rani, ka tambayi gaba nawa aka yi kafin a tarar da ruwa. Ka hau motar haya daga can zuwa wurin aikinka da safiyar Litinin, ka ninka kuɗin sau kwanakin wata. Ka je ka gaida mai unguwa kafin ka biya, ba bayan ka biya ba, ka tambaye shi ko duk magada sun yarda, mata da maza. Ka zauna da tsohon da gonarsa ke iyaka da wurin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan ka kai takardarka ofishin filaye na KANGIS a duba maka ko gwamnati ba ta riga ta yi wani tsari a kan wurin ba.

Masu unguwanni da dagatai da magada kuwa, igiyar tana hannunku kafin ta shiga hannun dillali. Idan gonaki huɗu ko biyar da ke jere za su tafi, masu su su zauna tare tun da wuri, a fitar da wurin makaranta da maƙabarta da hanyar ruwa daga kason kowa, a ƙirga manyan bishiyoyi a sa su cikin sharaɗin ciniki. Hanya kuma a bar mata faɗin da motar kashe gobara za ta shiga ta juya, a rubuta faɗin nan a takarda, mai unguwa da masu saye su sa hannu kafin a kafa turke ko ɗaya.